Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

Ƴan uwa makiyaya, da dillalai, da fataken shanu, da duk wanda abincinsa yake wurin bisa.

Na san da yawa cikinku da zarar sun ji an ambaci alade za su yi a'uziyya su juya takarda. Me ya haɗa mu da alade? Ba mu kiwonsa, ba mu cinsa, ba mu sayar da shi, ko inuwarsa ba mu so. Gaskiya ne. To amma ku yi haƙuri ku bi ni har ƙarshe, kuma wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a bakin rijiya ne ko a kasuwa ko a ruga. Domin allurar da muke yi wa saniya, da maganin da likita yake ba ƴaƴanmu a asibiti, dangi ɗaya ne da wanda aka yi shekara 70 ana zuba wa aladu cikin abinci a ƙasashen masu arziki. Yau maganin nan ya soma daina ci, ga mutum da ga dabba. Da aka tashi neman mai laifi kuwa, sai aka tsallake masu gidajen aladu aka nuno makiyayi da kwalbarsa guda cikin jaka. Wannan ita ce maganar da na zo da ita.

Kafin in shiga, a fahimce ni. Ba da maƙwabtanmu na kudu nake ba, masu alade biyu ko uku a bayan gida, a Benin ko Burkina ko Kamaru ko kudancin Cadi. Talakawa ne kamarmu, kowa da addininsa. Da manyan kamfanoni nake, masu tara dabba dubu goma cikin ɗaki ɗaya.

INA ABIN YA SAMO ASALI?

Maganin da ake magana a kansa shi ne likitoci suke kira antibiyotik, wato mai kashe ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani. Penisilin yana ciki, teramisin da kowane makiyayi ya sani yana ciki, haka kafso ja da rawaya da ake sayarwa bisa tebur. Wani masani ɗan Birtaniya mai suna Alexander Fleming shi ya gano penisilin a 1928. Kafin zuwan wannan magani, miki ɗan ƙarami yana iya ruɓewa ya kai ƙato kushewa, mace ta haihu lafiya zazzaɓi ya ɗauke ta bayan kwana uku. A 1945, da aka ba shi kyautar Nobel, shi da bakinsa ya ja kunnen duniya cewa idan aka riƙa amfani da maganin ƙasa da ƙima, ƙwayoyin cuta za su saba da shi har su daina jinsa.

Shekara 5 kacal bayan wannan gargaɗi, wajen 1950, ma'aikatan wani kamfanin magani na Amurka mai suna Lederle suka sanar cewa ƴan tsakin da aka ba tukar da ta rage bayan haɗa magani sun fi sauran saurin girma. Aka gwada ga aladu, sai aka ga haka nan. A 1951 hukumar Amurka ta ba da izinin a riƙa gauraya maganin cikin abincin dabbobi. Daga nan fa aka buɗe ƙofa. Dabba lafiyarta lau, ba zazzaɓi, ba tari, amma kullum safe da yamma tana cin magani kaɗan kaɗan, don kawai ta yi nauyi da wuri. Wato daidai abin da mai gano maganin ya ce kada a yi, shi aka mayar sana'a.

Ku da kuka san kiwo, ku ji yadda ake kiwon nan ku yi hukunci da kanku. Ana rufe aladu dubbai cikin dogon ɗaki, ƙasansa siminti ne mai tsagogi don kashi da fitsari su zuba cikin rami. Ba rana, ba ciyawa, ba tafiya. Ana raba ɗa da uwa yana da mako 3 ko 4, alhali in an bar su yadda Allah ya halicce su sai ya yi wata 3 ko fiye yana tsotso. Cikinsa bai yi ƙwari ba, sai zawo ya kama shi. Maimakon a bar shi wurin uwarsa, sai a zuba magani cikin ruwan sha na ɗakin gaba ɗaya, mai ciwo da mai lafiya kowa ya sha. Cikin wata 6 ya haura kilo 100, sai mayanka. A ƙasar Sin, wadda take da kusan rabin aladun duniya, an buɗe gidan kiwon alade mai hawa 26 a garin Ezhou a 2022. Bene hawa 26, jama'a, na dabba! Mu kuwa bijimin Azawak ko na Bororo sai ya yi shekara 4 ko 5 yana bin sawun ciyawa kafin ya ga kasuwa.

YADDA MAGANI YAKE MUTUWA

Abin ba shi da wuyar ganewa ga makiyayi. In fari ya auka wa garke, raunana su suke fara faɗuwa, masu jimiri su rage, kuma su za su haifi garken gobe. Haka ƙwayoyin cuta suke. In ka ba da magani cikakke, har iyakar kwanakin da aka ce, yana share su. In ka ba da kaɗan, sai ya kashe raunana ya bar masu taurin kai, ya kuma share musu fili. Ƙwayar cuta kuwa ba shekara take jira ta haihu ba. Wata, in ta sami wuri mai daɗi, cikin minti 20 ta zama biyu. Kafin gari ya waye ɗaya ta zama miliyoyi, dukkansu sun gaji taurin kan uwarsu. Abin da ya fi muni, masana sun gano ƙwayoyin nan suna miƙa wa juna wannan tauri ko da ba jinsi ɗaya ba ne, kamar yadda mutum yake ba maƙwabcinsa laya.

To gidan aladun da na bayyana muku, makaranta ce ta koya wa ƙwayar cuta ƙin jin magani. Kuma ba ta zama a ciki. Tana fita ta jikin ma'aikaci, ta nama, ta ƙura, ta takin da ake watsawa a gonaki, ta ruwan da yake gangarawa kogi. Kashi mai yawa na maganin ma yana fitowa cikin kashi da fitsari da sauran ƙarfinsa.

Tun 1969 wani kwamitin gwamnatin Ingila, wanda ake kira kwamitin Swann, ya yi rahoto a kan haɗarin. Aka ɗan gyara, aka ci gaba. A Turai an yi shekaru ana ba aladu da kaji wani magani mai suna abofasin, ɗan uwan bankomisin wanda likitoci suke ajiyewa sai ciwo ya gagari sauran magunguna. Sai aka soma samun ƙwayoyi cikin dabbobi da mutane waɗanda ba su jin bankomisin. Danmak ta hana abofasin a 1995, Tarayyar Turai ta biyo baya a 1997. A Holan, a 2004, aka auna wata jaririya ƴar masu kiwon aladu kafin a yi mata aikin zuciya, aka iske tana ɗauke da wata ƙwaya mai gagarar magani, da aka bi sawu aka same ta ga aladu da masu kiwonsu. A ƙarshen 2015 masana a Sin suka ba da labarin da ya tayar da hankalin likitocin duniya: sun sami ƙwayoyi cikin aladu, da naman kasuwa, da marasa lafiya, waɗanda ba su jin kolistin, maganin da ake kamawa in komai ya ƙare. A lokacin ana zuba kolistin cikin abincin aladu buhu buhu. Ba a yi nisa ba aka ga irin wannan tauri a ƙasashe da dama, har da na Afirka. Ƙwayar cuta ba ta tsayawa a duwan, ba ta nuna takardar shiga ƙasa.

WA YA SHA, WA YA BIYA?

Ga lissafi, kuma ba mu muka yi shi ba, masanan Turai da Amurka ne. Wani bincike da aka buga a 2017 ya ƙiyasta cewa kashi 73 cikin 100 na irin wannan magani da ake sayarwa a duniya, dabbobi ake ba. Wani na 2015 ya raba abin jinsi jinsi: a kowane kilo na dabbar da aka kiwata, alade yana shan miligiram 172, kaza 148, saniya 45. Kuma wannan 45 ɗin an haɗa da shanun Amurka da ake turkewa dubbai ana ɗura musu masara. Saniyar da take kiwo tsakanin Abalak da Ingal, wadda sai ta yi shekara ba ta ga allura ba in ba ta rigakafi ba, nawa ne rabonta cikin wannan lissafi? Ku ba kanku amsa.

Yanzu ku ji ɗaya gefen. Mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2022 cewa a shekarar 2019 kaɗai, mutum miliyan 1 da dubu 270 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin cuta da suka ƙi jin magani. Da aka auna yawan mutuwar da yawan jama'a, yankin da ya fi kowane shan wuya shi ne Afirka ta Yamma, wajen mutum 27 cikin kowane dubu 100. Mu ke nan. Ƴaƴanmu ke nan masu ciwon haƙarƙari, da matanmu masu jego.

Ba na ce alade ne kaɗai ya kashe su ba, in na faɗi haka na yi ƙarya. Akwai shan magani barkatai ba da awo ba, akwai jabun magani, akwai rashin ruwa mai tsabta, akwai asibitin da ba shi da ɗakin awon jini. Amma ku duba bambancin. Mai arziki in magani na farko ya ƙi ci, yana da na biyu da na uku da na huɗu. Mu in na farko ya ƙi, sai likkafani. Rijiya ɗaya ce duniya duka take sha. Wasu sun kafa mata inji suna janye ruwa dare da rana don naman kasuwa ya yi araha, mu masu guga muka zo muka iske laka. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Duk da haka, je ka taron ƙara wa juna sani a babban birni ka gani. Na zauna irin wannan taro, a ɗaki mai sanyi, wani furoje ya kira mu. Hoton farko da aka haska a bango, Bafillace ne da rawani yana yi wa saniya allura. Aka yi awa biyu ana cewa makiyayi jahili ne, ba ya jin kira, shi yake lalata magani. Na ɗaga hannu na tambaya ina hoton gidan aladun. Aka ce wannan ba ya cikin ajandar taro. To tun da ba ya cikin ajandarsu, ga shi cikin jaridarmu.

WA YA BAR MU DA ƳAN TEBUR?

Masu zaginmu sun manta yadda aka yi kwalba ta shiga jakar makiyayi. Dattawanmu suna tune da lokacin da malamin dabbobi na gwamnati yake zuwa har mashaya da mota da akwatin sanyi. A shekarun 1980 da 1990 aka zo da tsarin tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya da Asusun Lamuni, aka ce gwamnati ta janye hannu daga sayar da magani da jinyar dabbobi, ƴan kasuwa su karɓa. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, maganin da ake shigowa da shi ya yi tsada. Likita mai zaman kansa kuwa inda kuɗi yake nan yake buɗe shago, wato cikin gari. Wa zai bi ka Tadres ko bayan Tasara don saniya ɗaya? Daga baya an kafa tsarin likitocin dabbobi na kusa da jama'a tare da mataimakansu na ƙauye, kuma inda yake aiki mun ga amfaninsa, mun gode. Amma ƙasar kiwo tana da faɗi, su kuwa kaɗan ne.

Inda likita ya bari, ɗan tebur ya cike. Je kowace babbar kasuwar bisashe, daga Badagishiri zuwa Dakwaro, daga Tunfafi zuwa Mai'aduwa da Maigatari a tsallaken iyaka, za ka ga kwalabe a shimfiɗe bisa tabarma rana tana dukansu tun hantsi. Wata kwanakinta sun wuce, wata an kankare rubutunta, wata an rubuta da harshen da ba mai iya karantawa a kasuwar. Wata launin kawai gare ta. Ƙungiyar UEMOA ta yi doka tun 2006 cewa maganin dabbobi ba zai shiga kasuwa ba sai an auna shi an ba shi izini. Dokar tana nan cikin takarda. To waɗannan kwalabe ta ina suka biyo? Makiyayi ba shi da kamfani, ba shi da babbar mota, ba shi yake tsaron iyaka ba. Mutumin da saniyarsa take kwance tana nishi, likita yana nisan kwana biyu, ka ce masa kada ya taɓa allura? Kai da kake faɗa, in ɗanka ne fa?

Fataken shanu kuma ba su manta ba. A shekarun 1980 zuwa farkon 1990, Turai ta riƙa jibge daskararren naman shanu mai tallafin gwamnati a Abijan da Kwatano da sauran biranen gaɓar teku, da farashin da ba wanda zai iya gasa da shi, har shanunmu suka rasa masu saye. Yau kaji ne daskararru, da ƙafafun alade, da garin madara da aka cire mansa aka sa man ja. Duk lokacin da aka ce maka nama ya yi araha fiye da hankali, ka tambayi yadda aka kiwata shi da wanda ya auna shi a tashar jirgin ruwa.

ABIN DA DANMAK TA YI

Kada wani ya ce ba yadda za a yi. Suwidin ta hana ba dabba magani don ƙiba tun 1986, ita ce ta farko. Danmak, ƙasa mai mutum wajen miliyan 6 wadda take fitar da aladu kusan miliyan 30 a shekara, ta daina tsakanin 1998 da 2000. Masu kamfanoni sun yi kururuwa cewa sana'a za ta mutu. Da farko ƴan aladu sun yi ta zawo, aka ƙara maganin jinya, wannan gaskiya ne. Amma da aka gyara tsabta da abinci da yawan dabba a ɗaki, sana'ar ba ta mutu ba, ƙaruwa ma ta yi. Sun hana likitan dabbobi cin riba bisa sayar da magani, don kada ya riƙa rubutawa saboda aljihunsa. Suna rubuta kowace kwalba da ta shiga kowace gona. A 2010 suka fito da katin gargaɗi mai ruwan ɗorawa, irin na ƙwallo, ga duk wanda ya wuce iyaka. Holan ta rage fiye da rabi cikin ƴan shekaru bayan 2009. Tarayyar Turai gaba ɗaya ta hana maganin ƙiba a 2006, sannan a 2022 ta hana ba garke mai lafiya magani a kai a kai da sunan kariya. Amurka ta hana amfani da magunguna masu muhimmanci ga mutane don ƙiba a 2017. Sin ta cire kolistin daga abincin dabbobi a 2017, ta hana sauran a 2020. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2017 ta yi kira a daina ba dabba mai lafiya irin wannan magani.

Darasi biyu ne a nan. Na ɗaya, daga rahoton 1969 zuwa dokar 2006 shekara 37 ke nan, sun sani suna ci gaba saboda akwai riba. Wanda ya yi haka ya kamata ya sassauta murya in yana yi wa makiyayi wa'azi. Na biyu, inda aka ci nasara ba da zagin mai kiwo aka ci ba. Hukuma ce ta kai masa likita, ta kafa awo, ta riƙe lissafi, ta hukunta mai sayarwa. Mu ma abin da muke nema ke nan.

Kuma a yi hattara da masu cewa kiwon yawo ya tsufa, a tattara bisashe a killace su cikin waya kamar yadda ake yi a Turai. Duk inda aka cunkusa dabba wuri ɗaya, cuta tana biyowa, magani yana biyo cuta. Ku leƙa gidajen kaji na zamani da suke kewaye da Yamai da Maraɗi da Kano, ku tambayi abin da ake zuba wa ƴan tsaki cikin ruwa tun ranar farko. Hanyar da Turawa suka bi suka ƙone suna komowa, ita ake nuna mana ana cewa ci gaba. Dabbar da take tafiya, tana sauya makiyaya, rana tana busar da kashinta a baya, tana lasar gishirin Ingal bayan damina, ba ta bukatar magani kullum. A tsare mana burtali da mashaya da hurumin kiwo kamar yadda dokar makiyaya ta 2010 ta tanada, an rage mana rabin ciwo.

GYARA KAYANKA

Yanzu bari in juyo gida, domin laifi tudu ne, kuma jaridar nan ba ta ɓoye gaskiya don ta faranta wa mai karatu. Ƙarancin abin da muke amfani da shi bai wanke masu aikata ɓarna cikinmu ba.

Akwai mai raba kwalba ɗaya ga shanu goma don tsimi. Teramisin mai dogon aiki, mai kashi 20 cikin 100, ƙa'idarsa mililita 1 ga kowane kilo 10 na nauyin dabba. Sa mai kilo 250 yana bukatar mililita 25, wato kwalba mai 100 ta shanu huɗu ce. Ka raba wa goma, ka yi asarar kuɗinka, saniya ba ta warke ba, kuma ka buɗe irin makarantar nan ta gidan aladu cikin garkenka.

Akwai mai yin allura ga kowane ciwo. Saniya ta rame saboda yunwar bazara, allura. Tsutsar ciki ce, allura. Sammore ne, wanda yake da nasa magani dabam, allura. Boru da ciwon da yake kashe awaki da tumaki, irin ƙwayar da take kawo su antibiyotik ba ya kashe ta sam, iyakarsa ya taimaka in miki ya ruɓe, kuma likita ne zai faɗi haka.

Akwai dillali ko falke da yake sayen dabba mai ciwo da araha, ya soka mata allura daren kasuwa don ta miƙe ta yi kyan gani, gobe mahauci ya yanka. Wannan ha'inci ne, ko da wane suna aka kira shi. Bayan allura mai dogon aiki, yawanci sai an jira mako 3 zuwa 4 ko fiye kafin a yanka, nono kuma wajen mako 1 kafin a sha ko a sayar, gwargwadon abin da aka rubuta a kwalba. Matanmu sun riga likita ganewa: nonon saniyar da aka yi wa allura ba ya kwana yadda ya kamata, domin maganin yana kashe abin da yake sa shi tsami. Abin da ya hana nono kwana, shi kake ba ɗanka ya sha.

Ku tuna jarinmu ɗaya ne a kasuwar duniya: naman dabbar da ta ci ciyawar daji, da nono mai tsabta. Mai gidan aladu ba shi da wannan, ko nawa ya kashe ba zai saya ba. Ranar da masu awo suka tsayar da motocin shanu a kan iyaka suka ce sun sami magani cikin nama, ba za su tambayi na wane dillali ne ba, dukkanmu za a rufe wa ƙofa.

Kuma muna da shaida cewa makiyayi yana jin kira in an zo masa da gaskiya. Bushiya da ta share garkunan kakanninmu, a 2011 aka sanar da ƙarewarta a duniya baki ɗaya. Da me aka kashe ta? Da rigakafi, da makiyayan da suka kora shanunsu zuwa wurin allura shekara da shekaru. Ɗakunan haɗa rigakafi suna nan kusa da mu, LABOCEL a Yamai, LANAVET a Garwa, da na Vom a Najeriya. Ciwon huhu, da saifa, da harbin daji, duk suna da rigakafi.

ABIN DA MUKE NEMA

Ga mahukunta:

1. A kai likitocin dabbobi da mataimakansu har ƙasar kiwo, a ba su abin hawa da akwatin sanyi, kuma a ɗauki ƴaƴan makiyaya a horar da su, domin su ne za su zauna a daji.

2. A kama jabun magani tun daga iyaka da manyan shagunan da suke rarraba shi. Kamun ɗan tebur kaɗai wasa ne, gobe wani zai shimfiɗa tabarma a wurinsa.

3. A tilasta rubuta ƙima da kwanakin jira bisa kwalba da Hausa da Fulfulde da Tamashek da Zabarmanci, da zane ga wanda bai yi lakwal ba.

4. A hana gauraya antibiyotik cikin abincin kaji da na dabbar turke don ƙiba, tun abin bai yi jijiya ba.

5. A riƙa auna daskararren nama da garin madara da ake shigowa da su, a faɗa wa jama'a abin da aka gani.

6. A tsara rigakafin shekara tare da ƙungiyoyin makiyaya, lokacin da bisashe suke kusa, kafin su watse.

Ga masu furoje da ƙasashen da suke ba su kuɗi: in kun zo maganar magani ku zo da lissafin duka, naku da namu. Kuɗin da ake kashewa a ɗakin taro, a kai shi bakin rijiya.

Ga ƴan uwa makiyaya da fatake: kada ka sayi kwalbar da rana ta dafa ko wadda ba ka ga ranar ƙarewarta ba. Kada ka yi allura sai ka san ciwon. In za ka yi, ka cika ƙima, ka cika kwanaki. Ka ɗaura wa dabbar da aka yi wa allura alama, kada a tatse ta don sha, kada ta shiga kasuwa sai kwanakin sun cika. Sarakunan kasuwa da shugabannin dillalai su sa ido, wanda aka kama yana soka wa dabba allura daren kasuwa a faɗi sunansa gaban jama'a. Kowane reshe na ƙungiya ya sa wannan magana cikin taronsa na gaba, ya aiko mana da abin da aka yanke da sunayen kasuwannin da jabu ya fi yawa, mu kai gaban hukuma da murya ɗaya.

Allah ya tsare mana dukiyarmu da iyalanmu, ya ba mu damina mai albarka, ya ba shugabanni ikon jin kukan talaka. Amin.